Wata Ne Ya Riƙe Su

Laraba, la'asar sakaliya, ina rumfa,
fanka ta mutu, zufa ta jiƙa mini riga,
na kira Bube a Bankok in ji labarin kaya,
takalman 'yan makaranta dozin arba'in
da na biya da kuɗin albasar Ige, matata.

Ya ce, "Yaya, sai haƙuri, sai Litinin.
Gobe babbar rana ce gun mabiya Buddha,
wata ya cika, ofis duk an sa kwaɗo,
an liƙa musu Jumma'a, ga Asabar, ga Lahadi,
kwana huɗu babu mai taɓa takarda."

Na ce, mi ad dalili? Takalma suka yi laifi?
Ya yi dariya har layin ya sarƙe.
Ya ce, "Da daddare za su fito da kyandir,
da fure a hannu, ƙafa babu takalmi,
su kewaye ɗakin ibadarsu sau uku, shiru,
kai ka ce garin ba shi da mota.

Giya ma an hana sayarwa ranar.
Kantin ƙasan benenmu, tsohuwar da ke da shi
takan ja labule ta rufe firjin.
Bara wani Bature ya zo da gajeren wando,
ya roƙa, ya nuna kuɗi, ya nuna agogo,
ta miƙa masa ruwan kwakwa ta juya kanta."

Kwana ɗaya tak? Na riƙe baki.
Mu nan Sakkwato hanin ba shi da kalanda,
daga Muharram har Zulhajji abu guda ne.
Amma na san wani bakanike a Mabera,
ba zan faɗi suna ba, muna gaisawa,
wanda babur ɗinsa ya san wata hanya da dare,
ya dawo yana tauna kanumfari,
ya riga kowa sallama da safe.
Allah ya shirye shi, ya shirye ni,
ni da ke rantsuwa a kan farashin da na ƙara.

Alhamis ta wuce, Jumma'a na yi wanka,
Asabar na kaɗe ƙura a kan kwalin da babu komai.
Lahadi Malam Hali na sakatariya ya leƙo,
fuska fayau, ya ce, "Ka ji sanarwa?
Gobe hutu ne, gwamnati ta bayar."
Shi murna, zai tafi Wamakko duba gona.
Ni na tuna banki, na tuna kuɗin fito
da ba za su motsa ba sai Talata.

Nasu ya ƙare, namu ya kama.
Tsakanin hutu da hutu aka matse ni
kamar ɗan yatsa a bakin ƙyaure.
Mai albashi hutu riba ne gare shi,
mai rumfa kuwa, kowace rana da ta faɗi
da kuɗin haya take faɗuwa.

Amma bari in koma daren Alhamis ɗin.
Na shiga gida a Runjin Sambo da fushina,
na tarar da Inna a tabarma, tsakar gida,
dabino uku, kofin fura, ta sha ruwa ke nan.
Azumin fararen kwanaki take, sha huɗu ga wata.
Na ɗaga kai, ga shi nan, cikakke kamar faifai,
shi ne dai wanda ya rufe kanti a can,
shi ne ya hana Inna abinci tun asuba.
Ban ce komai ba. Ta ce, "Zauna,
ka tsaya mini a kan haske."

Talata Malama Kulu ta zo da lissafinta,
yara tamanin, an koma makaranta.
Ta ce, "Modi, ina takalmana?"
Na ce, Malama, suna hanya,
wata ne ya riƙe su.
Ta dube ni ta saman tabarau,
ta ce in ba ta rasit ɗin watan.